Daga Dandalin Kaka Zuwa Kan Sikeli: Tarihin Kokawar Ƙungiya

Mai karatu, in ka taɓa zama a Kalmalo bayan an ɗauke amfanin gona, ka san ba a tambayar ɗan kokawa nauyinsa. Da makaɗi ya taɓa ganga, ƙato ne ko siriri, a shigo fili kawai. Wanda ya sha ƙasa ya kakkaɓe jikinsa. To, yaushe sikeli ya shigo cikin zancen?

Mu tsallaka iyaka. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Nijar ta buɗe gasar Takobi a Tawa, jihar da Birnin Ƙwanni maƙwabciyar Illela take ciki. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Yau jihohi 8 ke zuwa, kowace da 'yan kokawa 10, ka ga kokawa ta zama ta ƙungiya ke nan. Amma ba ruwan Takobi da awo.

Ana awon a gasar ECOWAS, wadda aka fara a Yamai a 2001. Kowace ƙasa na kawo mutum 5, daga mai kilo 66 har zuwa 120, kowa ya kara da tsaransa. A 2025, a Abuja, Sanagal ta kayar da Nijeriya a karon ƙarshe.

Sikeli ya ba marasa jiki damar cin lambar yabo, wannan gaskiya ne. Sai dai ka tambayi dattijon Kalmalo wace kokawa yake tunawa. Wallahi ranar da ƙaramin yaro ya kayar da ƙato zai ba ka labari.