Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa: Tarihinsa da Darasin Khartum

Sarrafa kwamfuta daga nesa shi ne mutum ya zauna gaban wata na'ura yana ba wata umarni, alhali tana wani gari ko wata ƙasa. Abin da ya danna a nan sai ya bi waya ya isa can, amsa kuma ta dawo masa kamar yana zaune a gabanta. Ana yawan cewa da wannan fasaha nesa ta zo kusa. Tarihin Khartum ya nuna cewa maganar tana da sharaɗi.

A watan Satumba na 1940, George Stibitz yana Kwalejin Dartmouth a Amurka ya aika lissafi ta layin waya zuwa wata na'ura da ke New York, ta kuwa maido da amsa. Ranar 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi a Jami'ar California da ke Los Angeles ya yi yunƙurin shiga kwamfutar Cibiyar Bincike ta Stanford ta kafar ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. Haruffa biyu kacal suka isa, L da O, tsarin ya tsaya. Daga nan aka sami Telnet, mai aibi guda: kalmar sirri takan bi waya tsirara, duk mai leƙe ya gan ta. Wannan ne ya sa Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya ƙirƙiro SSH a 1995, wanda ke rikiɗa saƙo yadda mai leƙe ba zai fahimta ba. A 1998 VNC da RDP suka ba mutum damar ganin fuskar kwamfutar nesa gaba ɗaya. Sai dai duk waɗannan sun dogara ne a kan abu uku: na'urar can tana da wuta, layi bai yanke ba, ginin da take ciki kuma yana hannun masu ita.

Khartum ta san zafin yankewar layi tun kafin kwamfuta. A watan Maris na 1884 mabiyan Mahdi suka yanke wayar tangarahun da ta haɗa birnin da Masar. Umarnin Alƙahira ya daina isa ga Janar Gordon ta waya, sai ta hannun 'yan saƙo, har birnin ya faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, mulki ya koma Omdurman.

Bayan shekara 138, ranar 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ma'aikata da malamai da ɗalibai, har da 'ya'yanmu masu karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, suka fice daga birnin, manyan na'urori kuwa suka tsaya inda aka kafa su, domin a Khartum aka tattara cibiyoyin bayanan ƙasar. A farkon Fabrairu na 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. An zargi RSF, waɗanda ke riƙe da yankunan da cibiyoyin suke, su kuma suka musanta. Miliyoyin mutane suka kasa amfani da Bankak, manhajar Bankin Khartum da 'yan'uwa ke turo kuɗi ta cikinta, ɗakunan dafa abinci na taimako da yawa suka dakata. Injiniyan da ke Port Sudan yana da kalmar sirri, amma mai bindiga ne ke tsaye a bakin ƙofa. Sai da Sudani da Zain suka mayar da aikinsu Port Sudan sannan layi ya soma dawowa.

Saboda haka, ɗalibin da ke koyon wannan fanni kada ya tsaya ga sanin umarni da manhaja. Ya tambayi inda na'urar take, da wanda ke riƙe da makullin ɗakin, da garin da aka ajiye kwafin bayanai na biyu. Jami'o'inmu da bankunanmu na Kano da Zariya da Maraɗi ma tambayar ta hau kansu.