Mai Zanen da Bai Taɓa Taka Kano Ba

A wasu otal-otal da ofisoshin Abuja, kana ɗaga kai sai ka ci karo da zanen nan na fentin ruwa: katangar laka, ƙofa mai baka, raƙumi a durƙushe, rana ta yi ja za ta faɗi. Salo ne da Turawa suka yi yayinsa a ƙarni na 19. Bafaranshe Eugène Delacroix ya je Maroko a 1832 ya cika littattafansa da fentin ruwa, wasu kuma suka yi ta tururuwa Aljeriya da Masar, kowa na neman hamadar da ya riga ya ƙiyasta a ransa.

Ƙasar Hausa ma ta samu rabonta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850 cikin ayarin da Ingila ta ɗauki nauyi. Ya bi ta Murzuk da Gat, ya ga hasumiyar masallacin Agadas, ya ratsa Katsina, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya hau Dala ya zana birnin daga sama.

Sai dai hoton Kano mai launi da ya fito a littafinsa mai juzu'i 5, wanda aka buga a 1857 da 1858, ba hannunsa ne ya ƙarasa shi ba. Johann Martin Bernatz ne ya karɓi zanen a Jamus ya ƙawata shi. Bernatz ya san Falasɗinu, ya zauna a Habasha, amma ko ƙurar Kano bai taɓa shaƙa ba. A ganina shi ya sa birnin ya fito tsaf, shiru, kamar an share shi don baƙo. Rubutun Barth ya fi hoton hayaniya: akwai ƙazantar Jakara, akwai marina, akwai tufafin Kano da fatake ke kaiwa har Tambutu, ga mutane kimanin 30,000 da kan ninka in ayari ya sauka.

Hoton ya ba Kano kamannin Magriba, amma ba duka ne ƙari ba. Barth ya tarar da Larabawan Gadamas zaune a gindin Dala cikin soraye, har da benaye. Su ne Kanawa suka fara kira Turawa, tun Nasara bai zo ya gaje sunan ba, kuma unguwar Dandalin Turawa tana nan har yau.