Daga Majema Zuwa Gareji: Yadda Yoyon Baƙin Mai Ya Zama Shaida

A shekarar 1897, a birnin Augsburg na Jamus, injin Rudolf Diesel ya yi aiki yadda ake bukata a karo na farko. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka ɗora irin wannan inji a kan babbar mota. Tun daga lokacin wata matsala ta biyo shi, har yau kuma ba ta rabu da shi ba. Dole baƙin mai ya riƙa zagaya cikin inji da ƙarfin famfo, dole kuma karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, ya leƙo waje ta gaba da ta baya yana juyi. Duk ƙofar da ƙarfe mai juyawa ya bi ya fita, mai ma yana iya bi.

A farkon zamanin motoci ana toshe waɗannan ƙofofi da dunƙulallen ulu ko igiya, a shimfiɗa takarda ko ɓawon itacen toshe kwalba tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Zafi yana busar da su, juyi yana cinye su. Saboda haka ɗigon mai a ƙarƙashin mota bai zama abin tashin hankali ba. Ɗabi'ar inji ce, maganinta kuwa ƙarin mai kowace safiya. Abin da kowane inji ke yi ba ya nuna ciwon wani inji guda.

Sauyin ya fito daga inda ba a zata ba, wato majema. Gidan Freudenberg na garin Weinheim ya fara jimar fata tun 1849. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, kasuwar fata ta faɗi, kamfanin ya shiga neman abin da zai yi da ragowar fatu. Injiniyansa Walther Simmer ya ƙera zoben fata a cikin gidan ƙarfe, daga baya aka ƙara masa siririn sifirin da ke matse leɓensa a jikin sanda mai juyawa. Cikin shekarun 1930 robar roba ta masana'anta ta maye gurbin fatar, amma sunan Simmerring ya zauna. Shi ne kakan sil ɗin da kanikawa ke sakawa yau. A Amurka kuma, Niels Christensen ya sami takardar mallakar zoben roba mai siffar O a 1939, sannan a ƙarshen shekarun 1950 kamfanin DuPont ya fito da Viton, roba mai jure zafi. Da busasshen inji ya zama abu mai yiwuwa, sai ɗigon mai ya tashi daga ɗabi'a ya koma shaida.

Sai dai shaida tana bukatar mai iya karanta ta, darasi na farko kuwa ya shafi iska. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da zai kunna man da aka fesa. Wani ɓangare na wannan matsi yana kuɓucewa ta gefen ringin fistin ya gangara inda baƙin mai yake. Shekaru da yawa ana fitar da shi ta wani bututu da ke kallon ƙasa, yana tofar da hayaƙi da feshin mai a kan titi. Injinan Detroit Diesel samfurin 71, waɗanda aka fara ƙerawa a 1938, sun yi suna wajen ɗiga har direbobin Amurka suka mai da abin zolaya. Jihar Kalifoniya ta fara mai da wannan hayaƙi cikin inji a ƙananan motoci a 1961, amma manyan motocin dizal masu turbo sai a 2007 dokar Amurka ta daina ɗauke musu kai.

Abin da bakanike ya gada daga nan shi ne, idan bututun numfashin ya toshe ko ringi ya cinye, matsin zai tura mai ta cikin sil mai lafiya. Wanda ya canza sil bai duba numfashin inji ba ya bar jaki yana dukan taiki, kuma motar za ta dawo masa. Wannan ya fi tsanani inda ƙura ta yi yawa, domin ƙurar da ta tsallake matatar iska tana cin ringi kamar gogen ƙarfe. Tsofaffin Marsandi 911 da kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu daga farkon shekarun 1980, da tirelolin da ke ratsa hazon hunturu tsakanin Kano da Legas, duk a wannan hali suke aiki.

Darasi na biyu ya fito daga ma'aikatun jirgin ƙasa na farkon ƙarni na 20. Idan ana zargin ƙarfe ya tsage, sai a jiƙa shi da mai, a goge, a shafe shi da farin alli. Man da ya maƙale a tsagar yakan fito ya zana baƙin layi a kan farin. A 1942 kamfanin Magnaflux ya fara sayar da Zyglo, ruwan da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, daga baya aka sami irin wannan rini da ake zubawa cikin baƙin mai. Dabarar ɗaya ce: a share tsohuwar shaida, a jira sabuwa. Bakaniken da ke wanke inji tas, ya busar, ya barbaɗa hoda, ya tayar da shi na ɗan lokaci, magajin waɗancan maƙeran ne.

Wankin ya zama dole domin man dizal yana baƙi da wuri saboda kunkunniya, ƙura kuma ta haɗu da shi ta lulluɓe komai. Nauyi yana jan mai ƙasa, iskar fanka tana tura shi baya. Don haka inda ya ɗiga ba lalle nan ya fito ba, ana bin sawunsa ne zuwa wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Man da ke ɗiga a mahaɗar inji da giya yana kama da laifin sil ɗin baya, wanda ba a kai gare shi sai an sauke giya. Sau da yawa kuwa daga gasket ɗin murfin saman inji ko bututun man turbo ya gangaro, gyaran da bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba.

Yoyo mafi haɗari shi ne wanda ba ya taɓa ƙasa. Mai yana iya bi ta na'urar sanyaya shi ya shiga ruwan lagireto, ko ya tsallake sil ɗin turbo ya shiga hanyar iska, ya fito a matsayin shuɗin hayaƙi. Idan ya yi yawa, injin dizal yakan fara cin man jikinsa a madadin dizal, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli, har sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. Shi ya sa ƙwararren bakanike ba ya gamsuwa da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin mota. Yakan zaro sandar awon mai ya tambayi direba lita nawa ya ƙara tun tashinsa, domin man da ya ragu ba tare da tabo ba, akwai inda ya tafi.