Shari'ar da ta sauya ma'anar fyaɗe a doka

Shekaruna kusan ashirin ina koyarwa, kuma sau da dama idan aka ci zarafin yarinya, abin da nake fara ji daga iyaye shi ne: “A rufa asiri.” Shi ya sa nake son mu waiwayi wata shari'a da aka yi a Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin dokokinmu daga gare ta.

A watan Agustan 1974, wasu maza uku suka yi wa mata biyu ƴan Beljiyam fyaɗe a bakin teku kusa da Marsai. Da farko an ɗauki maganar a matsayin duka da rauni kawai, aka miƙa ta ga ƙaramar kotu. Matan suka ƙi yarda. Lauya Gisèle Halimi ta tsaya musu, aka yi shari'ar gaban babbar kotun manyan laifuka a Aix-en-Provence a watan Mayun 1978. Sun kuma ƙi a yi zaman a asirce, domin a ganinsu mai laifi ne ya kamata ya ji kunya. Aka ɗaure ɗaya shekara 6, sauran biyun shekara 4 kowanne.

Ranar 23 ga Disamban 1980 Faransa ta kafa dokar da ta fayyace fyaɗe ƙarara. Mu ma a Nijar, gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 ya bi wannan sawu: ko da ƙarfi aka yi, ko da tilas, ko da barazana, ko ta hanyar shammata, duk fyaɗe ne.

Sai dai alƙali da hujja yake aiki, hujja kuwa ba ta jira. Idan abin ya faru, kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke tufafinta. A adana su cikin takarda, saboda leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. A kai ta asibiti nan take, likita ya duba ta ya rubuta takardar shaida. Maganin kariya daga cutar sida cikin awa 72 ake fara shan sa. A kuma sanar da ƴan sanda ko jandarma.

Ƴan uwana malamai da iyaye, kalmar farko da yarinya za ta ji daga bakinmu tana da nauyi. Mu ce mata: “Na yarda da ke, ba laifinki ba ne.” Sannan mu raka ta asibiti.