Azumin Tiyata da Gadon Asibiti

Duk wanda ya taɓa jinyar mai jiran tiyata ya san umarnin nan: daga sha biyun dare, ko ruwa kada ya sha. Mai jinya ya rufe fulas ɗin kunu ya tura ƙarƙashin gado, majinyaci ya kwana da ƙishi, in layi ya yi tsawo har la'asar ta same shi bai shiga ɗakin tiyata ba. Ana ɗauka tare aka haifi wannan doka da aikin fiɗa, alhali a 1883 Joseph Lister, babban likitan fiɗa na Birtaniya, cewa ya yi kada a bar abinci mai nauyi a ciki, amma a ba majinyaci kofin shayi ko romon nama kamar awa biyu kafin a shaƙa masa maganin barci. Daga baya tsananin ya zo. A 1946 Curtis Mendelson, likitan mata a New York, ya bi bayanan haihuwa 44,016, ya tarar mata 66 sun ƙware, abin da ke cikinsu ya gangara huhu suna cikin maganin barci, biyu suka rasu. Tsoron yana da dalili. Sai dai masu naƙuda ya duba, kuma abinci mai tauri ne ya shaƙe biyun. Duk da haka aka wayi gari ruwa da abinci hukuncinsu guda, ga yaro da babba, domin umarni ɗaya ya fi sauƙin rubutawa a kati fiye da lissafa awoyin kowane gado.

Azumin yana da abokin tafiya, wato kwanciya. A da, bayan aikin ciki akan ajiye mutum a gado mako biyu ko uku don kada ɗinki ya warware, kuma kafin aikin ma hutu ake ce masa ya yi. Tun 1899 Emil Ries na Chicago ya nuna tayar da majinyaci da wuri ba ya ɓata ɗinki, aka yi biris da shi. A 1966 a Dallas aka kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya mako uku, da aka sake auna su bayan shekara talatin sai aka ga makonni ukun nan sun fi shekarun talatin rage musu ƙarfin zuciya da numfashi. In haka gado ya yi wa ɗan shekara ashirin, ina ga ɗan saba'in? Wani gwaji na 2007 a Amurka ya ba da amsa: tsofaffi lafiyayyu sun zubar da kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa cikin kwana goma kacal.

Abin da nake ganin tarihin ke nunawa shi ne, hujjar gina jikin majinyaci kafin a tsaga shi ta girmi al'adar da ta danne ta. A 1936 Hiram Studley ya lura masu gyambon ciki da suka rame da fiye da kashi ashirin cikin ɗari na nauyinsu, ɗaya cikin uku ke mutuwa bayan tiyata, sauran kuwa ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Tsoho mai kansar hanji ko ta tumbi shi ne wannan ramammen: shekaru sun ci tsokarsa, ciwo ya ɗauke masa sha'awar abinci, ga yanka na jiransa, wanda jiki zai warkar ta hanyar narkar da 'yar tsokar da ta rage. Zaizayar tsokar tsufa ma ba ta samu sunanta na likitanci ba sai 1989, daga Irwin Rosenberg, kuma abin da ba shi da suna ba ya shiga kati. Sai a shekarun 1990 Henrik Kehlet na Denmak ya fara ciyar da majinyata da tayar da su tun washegarin aiki, a 1999 kuma ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta halatta ruwa har awa biyu kafin tiyata, aka koma inda Lister ya tsaya. Daga nan Franco Carli na jami'ar McGill a Kanada ya karkata ga makonnin jira, ya cika su da tafiya, motsa gaɓoɓi da abincin gina jiki.

Masu sukar wannan shiri suna da magana. Ta farko, kansa ba ta jira. Gaskiya ne, amma tsakanin gano ciwo da ranar aiki akwai makonni da dama da hotuna da gwaje-gwaje da layi suke cinyewa, kuma a cikinsu ake shirin, ba a ƙirƙiro jinkiri ba. Ta biyu ta fi nauyi: sakamakon bincike bai zo da baki ɗaya ba. A wani gwajin shirin a Barcelona a 2018 matsalolin bayan tiyata sun sauka daga kashi 62 zuwa 31, amma gwajin da Carli kansa ya yi a 2020 kan tsofaffi 110 masu rauni bai ga bambanci ba. Akwai kuma darasin 1991, lokacin da wani babban gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna ɗura abinci ta jijiya kafin aiki ya ƙara wa masu ƙaramar rama cututtuka, masu matsananciyar rama kaɗai ya amfana. Wannan ya isa ya hana a mai da shirin wata sabuwar dokar sha biyun dare da za a ƙaƙaba wa kowa. Bai isa ya wanke tsohuwar al'ada ba, domin ita ba ta taɓa cin irin jarrabawar da ake nema ga sabuwar ba. Gwajin Carli na 2010 ma ya nuna inda gizo ke saƙa: waɗanda aka ba keke da atisaye mai tsanani akasarinsu ba su iya ɗorewa ba, waɗanda aka ce su riƙa tafiyar ƙafa kullum suna jan dogon numfashi su suka fi samun ci gaba.