Ƙarfen Tokare Mazaunin Shokazoba da Riƙon Hanya: Nazari a Kan Motocin Yankin Ɗan Kassari

Tsakure

Maƙalar ta duba ikirarin cewa ƙarfen da ake gittawa a ƙarƙashin bonet, tsakanin mazaunan shokazoba biyu na gaba, yana ƙara wa mota riƙon hanya. An auna ikirarin da yadda nauyi ke ratsa ƙafar mota, da kuma irin motoci da hanyoyin Ɗan Kassari. Abin da nazarin ya nuna shi ne amfanin ƙarfen a kwana ƙanƙane ne, amma yana da tasiri wajen hana bodi tsagewa a kan gargada.

Gabatarwa

Ɗan Kassari yana kan hanyar ƙasa lamba 1, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a jihar Doso. Direban da ke aiki a nan hanya iri biyu yake takawa: kwalta, inda ake gudu da kaya, da hanyoyin burji da rairayi masu shiga ƙauyuka irin su Lugu, waɗanda ruwan damina kan zaizaye. Tsohuwar mota da ta sha wannan wahala takan soma rawa a gaba, ta riƙa jan gefe ɗaya, tana cin taya. Cikin magungunan da ake ba mai ita har da a kai ta wurin mai walda ya tokare kan shokazoba.

Yadda nauyi ke bi ta ƙafar mota

Ba kowace mota zancen ya shafa ba. Tsarin ƙafar gaba da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro a shekarun 1940, wanda Ford ya sa a motocin Consul da Zephyr na Ingila a farkon shekarun 1950, ya haɗa shokazoba da sifirin wuri guda, ya ɗaure kansu a jikin bodi. Shi ne a gaban Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, kuma shi ne a Toyota Corolla da Starlet. Hilux da Land Cruiser kuwa a kan shasi mai zaman kansa suke, nauyin ƙafa a shasin yake sauka. Sa musu wannan ƙarfe a bodi ɓarnar kuɗi ce kawai.

A motar da ke da tsarin MacPherson, idan aka sha kwana, ƙasa tana tura tayoyin gaba zuwa cikin kwanar. Mafi yawan wannan ƙarfi hannun ƙasa na ƙafar motar ne ke ɗauka, domin shi ne kusa da hanya. Abin da ya kai kan shokazoba kaɗan ne, kuma ta kishiyar fuska yake turawa. A nan ne masu yabon ƙarfen suka fi yin kuskure. A kwanar hagu, mazaunin dama waje ake jan sa, na hagu kuma ciki ake tura shi, wato dukansu dama suka nufa. Sandar da ta haɗa abubuwa biyu masu karkata fuska ɗaya ba ta hana su karkata, kamar rumfar da aka ɗora wa gicciye ba a sa mata tokara a karkace ba: iska na zuwa ta kwanta gaba ɗaya. Ɗan abin da sandar ke yi shi ne rage wa gefen waje, wanda ya fi ɗaukar nauyi, ta ɗora wa na ciki.

Lissafi ya ƙara fito da ƙanƙantar abin. A ɗauka tazarar da ke tsakanin boljoyin na ƙasa da kan shokazoba milimita 600 ce. Idan mazaunin ya gusa milimita 1, karkatar taya ba za ta kai digiri 0.1 ba. Bushin roba da ya mutu, ko boljoyin da ya yi sako-sako, yana iya ba taya wasan da ya ninka haka. Sassan ƙafa a jere suke, kowanne yana ƙara tasa lanƙwasar a kan ta ɗan'uwansa, tun daga gefen taya har bodi. Ƙarfafa wanda dama ya fi sauran tauri ba zai rage jimillar da yawa ba. Taya mai ƙarancin iska, shokazobar da ta zubar da mai, da buhunan wake da aka jibga a baya har gaba ya yi sama, su ne ke fara ƙwace sitiyari daga hannun direba.

Inda ƙarfen ke aiki

A kan gargada da ramuka lamarin daban ne. Bugun daga ƙasa yake zuwa, kai tsaye ya daki mazaunin, kuma idan ƙafafu biyu suka faɗa rami tare, mazaunan suna matsowa juna. Irin wannan motsi ne sanda miƙaƙƙiya ke iya tarewa. Wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar motar ƙauye zai ga alamar: farantin da ke kewaye da notunan da suka ɗaure kan shokazoba ya kumbura sama, fenti ya tsattsage, siririn layin tsatsa ya bi bakin walda. Gajiyar ƙarfe ke nan, wadda dubban ƙananan lanƙwasa ke haifarwa. Farantin ƙarfen tokara mai kauri yana baza bugun, ya jinkirta tsagewar. Ribar ta tsawon rai ce ga bodi, kuma saitin ƙafa ya fi daɗewa bai ɓaci ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce kamfanoni da kansu suna sa shi. Gaskiya ne: Shelby GT350 ta 1965, wadda aka gina a kan Ford Mustang, ta zo da sanda tsakanin mazaunan biyu. Sai dai ta zo kuma da wani ƙarfen da ya ɗaure su da bangon da ke raba inji da direba, abin da ya ba da siffar kusurwa uku, wadda ba ta karkata. Motar tsere ce kuma, mai sababbin sassa da taya mai kama kwalta, inda ɗan gyara ke bayyana.

Za a kuma ce direbobi suna jin bambanci. Ba a raina shaidar mai sana'a ba, amma jin sitiyari ya yi tauri daban yake da raguwar tazarar birki ko ƙaruwar riƙo a kwana. Sau da yawa ma ranar da aka sa ƙarfen ce aka ɗaure notuna aka canza bushi, sai yabo ya tafi ga abin da ido ke gani. Idan kuwa mazaunin ya riga ya tsage, bambancin na gaske ne, amma karaya aka ɗaure, ba a inganta lafiyayyar mota ba.

Akwai hasarar da ya kamata a lissafa. Walda kai tsaye a kan siririn farantin bodi tana raunana ƙarfen da ke gefenta, tsagewa ta koma can. Ɗauri da noti ya fi aminci. Sandar da aka lanƙwasa sosai don ta kauce wa inji ta rasa yawancin taurinta. A haɗari kuma, bugun gefe ɗaya yana iya bin sandar ya lanƙwasa ɗaya mazaunin, gyara ya zama biyu. Ga mai Corolla ko 504 da ke jigila tsakanin kwalta da ƙauyukan yankin Ɗan Kassari, ƙarfen ya cancanci kuɗinsa ne bayan an gama da taya, shokazoba, bushi da boljoyin, kuma a matsayin kariya ga bodi.