Bashin Ƙasa da Fanshon Ma'aikata a Nijar: Nazari daga Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun bashin da Nijar ta ci tun zamanin yuraniyom, ta duba inda nauyinsa ya sauka a gundumomi uku na jihar Tawa. Matsayarta ita ce, a lokutan da baitulmali ya ƙafe, albashi da fansho da gyaran ayyukan karkara ne suka sha jira.

Daga yuraniyom zuwa karyewar sefa

A shekarun 1970 kuɗin yuraniyom na Arlit ya cika wa gwamnatin Seyni Kountché hannu, ta shiga rance da tsammanin farashi zai dawwama. Farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi. A 1983 Nijar ta je Kulob ɗin Paris neman a ɗage mata biya, ta kuma shiga tsarin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Bayan nan bankin BDRN ya durƙushe, haka ma asusun rancen manoma na CNCA. A Janairun 1994 aka rage rabin darajar sefa, bashin waje ya ninka a kuɗin gida cikin dare ɗaya. Ma'aikata suka yi ta bin gwamnati albashin watanni, ɗan fansho kuwa yana ƙarshen layi.

Abin da aka gani a Adar

A daidai wannan ƙunci ne aikin raya karkara na Keita, a yankin Adar, ya kankama a 1984, da kuɗin Italiya, da taimakon FAO da Hukumar Abinci ta Duniya. Mata ne suka fi ɗaukar dutse a ka, saboda maza sun tafi ci-rani, ladansu kuwa hatsi da mai. Aka jera shingayen duwatsu a fako, aka datse kwazazzabai. A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska. Kyauta ce ta yi waɗannan ayyuka. Gyaransu kuwa ya koma kan kasafin da biyan bashi ya riga ya cinye, kuma madatsar da yashi ya cike ba ta jiran kasafin baɗi.

Fansho

A nan ne lissafin ya fi ruɗi. Masu karɓar fansho kaɗan ne ƙwarai. Manomin albasa a kwarin Tarka, kusa da Madawa, ba ya cikin asusun fansho na CNSS, ba ya cikin na CARENI, na ma'aikatan gwamnati. Ɗansa da ke Abijan ko Libiya shi ne fanshonsa. Duk da haka asusun ma'aikatan gwamnati yana jin jiki, domin abin da ake cirewa daga albashin mai aiki yau da shi ake biyan tsoho yau. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi don rage kuɗin albashi. An buɗe ajujuwa, gaskiya ne, amma an rage masu zubi, an kuma tara malaman da shekarunsu na alli ba su shiga lissafin ritaya yadda na cikakken ma'aikaci suke shiga ba. A ganina wannan ma bashi ne, sai dai babu shi a littafin baitulmali.

Man Agadem

Yafewar bashi ta tsarin HIPC a 2004 ta ba ƙasar sarari, amma rance ya sake taruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya sa Nijar ta kasa biyan basussukanta na kasuwar yankin har aka ɗage shi a Fabrairun 2024. A Afrilun shekarar gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin, a kan ruwa kashi 7 cikin ɗari, za a biya da ɗanyen man Agadem. Kamar a zamanin Kountché, jinginar haja guda ce da ake yanka farashinta a waje, wannan karon kuma sai ta bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, ƙasar da Nijar ta rufe iyakarta da ita.